Masu Shafi Biyu da Tabarmar Babana

Ƙauyenmu yana bakin kwaltar da ta taso daga Hartum ta nufi Wad Madani, kudu kaɗan da Kamlin. In ka tsaya a ƙofar masallacinmu ka dubi arewa, za ka hango tankin ruwan wani ƙauyen Hausawa, inda gwaggona, ƙanwar babana, take aure. Ba nisa tsakaninmu, raksha, keken nan mai ƙafa uku, takan kai ka kafin ku gama gaisawa da direba. Kakanninmu tare suka zo ƙasar nan, gonakinmu magudana ɗaya ke shayar da su, 'ya'yanmu suna auren juna. Amma tun da na yi wayo ban taɓa jin mun yarda sun fi mu a wani abu ba, su ma kuma ba su taɓa yarda ba.

Ni ne mai shafin ƙauyenmu a intanet. Ba wanda ya naɗa ni. Wata shekara ce albasa ta yi kyau a hawasharmu, wato gonar da babana ke riƙe da ita a noman ban-ruwa na Jazira, na ɗauki hotonta na sa don in ba abokaina haushi. Sai 'yan garinmu da ke aiki a Saudiyya da Bur Sudan suka fara tambayata. An saki ruwa a magudana? Wa ta haihu? Katangar makarantar da ta faɗi an tayar? Ina amsawa ina amsawa, har na wayi gari ni ne ido da kunnen duk wanda ya yi nisa da gida. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Da Hausa nake rubutawa, in ƙara Larabci a ƙasa saboda yaranmu da karatun Hausa ke yi wa nauyi.

Ba a daɗe ba ɗan gwaggona ya buɗe wa ƙauyensu nasa shafin. Har yau cewa yake shi ya riga ni, kuma ƙarya yake yi. Taubashina ne, sa'ana, mai gyaran waya a bakin hanya, kuma Allah ya yi masa baki. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji wasa halal ne, don haka muka kwashi wasan da muke yi a tsakar gida muka kai shi gaban duniya. In ƙungiyar ƙwallonsu ta ci tamu, kafin 'yan wasa su cire takalma ya rubuta mana ta'aziyya, har da addu'ar Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ni kuma ranar da injin niƙansu ya lalace, matansu suka ɗauko dawa suka zo namu, na yi musu barka da shigowa birni. Mutane suna dariya, mu ma muna yi, in mun haɗu a biki kwano ɗaya muke ci.

Ba mu biyu kaɗai ba ne. Kusan kowane ƙauyen Hausawa daga nan har Damazin yana da mai shafinsa, kuma muna da zaure ɗaya a waya inda muke haɗuwa. Babbarmu wata malamar makaranta ce da ta ajiye aiki a Damazin, Ustaza muke ce mata. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma ina shakkarta fiye da yadda nake shakkar gwaggona, kuma gwaggona ba a wasa da ita. Ba mu da doka a rubuce, sai dai kowa ya san abin da ba a yi. Ba ka sa labarin rasuwa sai dangi na nesa sun ji daga bakin mutum. In ka ɗauki hoton wani shafi, ka faɗi mai shi. Wani mai shafi daga wajen Sinnar ya taɓa ɗaukar hoton kifin da na sa ya ce a garinsu aka kama, Ustaza ta sa ya riƙa gaishe ni a zaure kowace safiya har sai da ni na gaji na roƙa masa afuwa. Tsokana kuwa ƙofarta a buɗe take, amma a kan yalwa ake yin ta. Ka ce albasarku ta fi tasu girma, kada ka ce ba su da abin sawa a miya.

Inda gasarmu ta fi zafi shi ne watan azumi. A ƙauyukan bakin kwaltar nan ba a shan ruwa a cikin gida. In la'asar ta yi sanyi maza sukan fito da tabarmi su shimfiɗa a gefen hanya, kowane gida ya fito da siniyarsa, babban farantin nan da ake jera kwanoni a kai: asida, wato tuwon Sudan, da miya, dafaffen wake, dabino, kunun gyaɗa irin namu na Hausawa, da hilu-mur, jan abin sha na tsiron dawa da duk ɗan Sudan ke mafarkinsa tun azahar. Da rana ta kusa faɗuwa sai mutum biyu su warware rawani, wannan ya riƙe baki ɗaya wancan ya riƙe ɗaya, su gitta shi a kan kwalta. Duk motar da ta zo dole ta tsaya, bas ce ko babbar motar kaya, kowa ya sauko ya sha ruwa. Direba yana da uzuri ɗaya kawai, in da sauran rana sosai yana iya cewa zai kai gaba, a ɗaga masa rawanin ya wuce. In rana ta yi ja kuwa, ko gwamna ne a ciki sai ya sauko.

Babana ne ke riƙe bakin rawani ta gefen gabas tun kafin a haife ni. Gajere ne, marar yawan magana, a gida sai ka yini ba ka ji muryarsa ba. Amma a kan kwalta wani mutum yake komawa. Wasu har rantsuwa da saki suke yi don direba ya sauko. Shi ba ya rantsuwa, sai ya je ya dafa madubin mota ya tsaya yana murmushi, ya ce itfaddalu, wato bismilla ku sauko, ba zai saki madubin ba sai an kashe inji. Yakan ce tun da ya fara azumi bai taɓa kai loma baki ba sai da hannun baƙo a kwanonsa, haka ya ga ubansa yana yi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar lokacin da yake zagaya tabarmi da tulun hilu-mur yana cika wa mutanen da bai san daga ina suke ba.

Da can rabon a daidai yake. Motocin da suka taso daga Hartum ƙauyen gwaggona suke fara tararwa, su kama su. Na Madani kuma mu suke fara tararwa, mu kama. To, a shekarar da nake ba da labari azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, taubashina kuma ya zo da wata dabara. Samarin garinsu suka haɗa hannu suka riƙa kawo ƙanƙara daga Kamlin, shi kuma kullum da azahar sai ya sa hoton manyan ganguna cike da hilu-mur, ƙanƙara na yawo a kai, raɓa na tsatstsafowa a jikin ganga. Ka dubi wannan hoto da azahar, maƙogwaro a bushe, wallahi sai ka ji kamar ka lashi waya. Bayan sha ruwa kuma ya tare direbobi ya ɗauki muryarsu suna yabo. Direbobi kuwa al'umma ce mai surutu, labari ya bi hanya tun daga Hartum har Damazin.

Sai muka fara ganin abin mamaki. Motocin Madani, rabonmu na gado, suka riƙa taka wuta don su wuce mu da sauran rana. Direba ya leƙo ya nuna sama, ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, da saura, dole mu ɗaga masa rawani. Da ya wuce sai ya rage gudu, ya riƙa jan ciki kamar kunkuru don kiran salla ya same shi a ƙauyensu. Muna tsaye muna hango ƙurarsu. Wata rana mu kama mai keken jaki, wata rana mai babur ɗaya, mu yi ta jan hannunsa tsakanin tabarmi har ya tsorata. Wata rana kuma ba kowa.

Ban zauna ba. Na sa hoton kunun gyaɗar innata, na rubuta cewa ƙanƙara ruwa ce kawai da ta ji sanyi, mai hankali abin da zai riƙe ciki yake nema. Taubashina ya amsa cewa yana taya mu murna, tunda mu ke dafawa mu ke cinyewa, bana sai mun fi kowa ƙiba ranar salla. Na yi dariya, don maganar ta yi daɗi, kuma har nan wasa ne. Babana dai bai daina fita ba. Kullum shi ne na farko a bakin hanya, ya share wurin, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarmarsa. In an kira salla ba baƙo sai ya ɗan jinkirta, yana duban kudu, kafin ya ɗauki dabino.

Ana nan, wata rana taubashina ya dawo daga Madani sayen kayan gyaran waya, motarsu ta wuce ta gabanmu da yamma. A daidai lokacin duk mazanmu sun gangara kudu da rawani, wai ko za su tare mota tun daga nesa. Ya zaro waya ta taga ya ɗauki tabarminmu a jere, siniyoyi a rufe, ba kowa a kai. Bayan sha ruwa ya sa hoton, ya rubuta cewa mutanen kudu sun shirya wa iska liyafa, Allah ya sa ta zo da 'yan rakiya. Abin da bai lura da shi ba, can ƙarshen tabarmi akwai tsoho ɗaya zaune shi kaɗai, ya juya baya, tulu a gabansa. Kawunsa ne, babana.

Shi bai gane ba, amma duniya ta gane. 'Yan garinmu na Saudiyya suka gane ƙeyar, suka gane hular. Da zagi aka yi a ƙarƙashin hoton da na ji sauƙi, don zagi ana rama shi. Tausayi aka yi. Allah sarki tsoho. Allah ya kawo masa baƙi. Wata mata da ba ta san mu ba ta tambaya ko akwai yadda za a taimaka masa. Washegari a masallaci wani mai kankanba ya kai wa babana wayar har gaban ido. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya mayar masa.

Ran nan da la'asar bai ɗauki tsintsiya ba. Ya ce gwiwarsa ke ciwo. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ya sha ruwa a nan, shi da bango. Kashegari ma haka. Ni da na girma ban taɓa ganin babana ya sha ruwan azumi a ƙarƙashin rufi ko cikin katanga ba, sai ga shi zaune yana juya cokali a kunu kamar mai jinya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ji tsoro kuma, don na san halinsa, in ya nannaɗe abu ya ajiye ba ya sake warwarewa. In watan nan ya ƙare yana cikin gida, to ya bar kwalta ke nan har abada.

Na zauna da rana tsaka na rubuta wa taubashina amsa. Ba wasa a cikinta ko kaɗan. Na san abubuwa a kan ƙauyensu da ba na shafi ba ne, na kwaso su duka na jera, ina jin daɗin abin da zan yi masa. Kafin in saki sai waya ta yi ƙara. Ustaza ce, karo na farko da ta taɓa kirana.

"Ɗana, ka sha ruwa?" in ji ta.

"A'a, Ustaza, ko la'asar ba a yi ba."

"To aje wayag ga. Mai azumi ba shi maida magana a shafi, kai ma ka sani. Yunwa ce ke rubutu yanzu, ba kai ba."

Na ce, "Ustaza, babana fa ya daina fita."

Ta ce, "Na ji. Shi ya sa nika kiranka. Ka bar min ɗan gwaggonka, ni na san inda zan kama shi."

Gaskiyarta, akwai wannan ƙa'ida a zaurenmu, ba a mayar da martani da azumi a baki, sai an sha ruwa. Na jira. Da na sha kunu na ci asida na sake karanta abin da na rubuta, sai na ga rabinsa gwaggona zai fi yi wa ciwo, ba ɗanta ba. Na goge, amma ina gogewa ina ƙunƙuni.

Shi kuwa taubashina tun da aka nuna masa ƙeyar kawunsa ya cire hoton, ya shigo zaure yana ba da haƙuri da Hausa da Larabci. Masu shafi suka yi masa ca, har mai satar kifina ya samu bakin yin wa'azi. Ustaza ta bari suka gama, sannan ta rubuta layi ɗaya: "Cire hoto ba gyara ba ne. Wanda yay yi ɓarna da yatsa, da ƙafa shika gyara ta." Kowa ya gane, don kowa ya san zumunta a ƙafa take.

Kashegari sai ga shi da yamma a gidanmu, ya sa jallabiya fara kamar mai zuwa neman aure, ya bar bakin nan nasa a gida. Ya durƙusa gaban buzun babana.

"Kawu, ma'alesh. Wallahi ban gane ka ba."

"Mi kay yi?"

"Hoton nan, Kawu."

"Ni ban san hoto ba. Zamna, an kusa kira."

Ya zauna, aka kira salla, suka sa hannu a kwano ɗaya. Da ciki ya ɗauka sai bakin ya fara dawowa. Ya dube ni ya kashe ido, ya ce, "To Kawu, ga shi yau ka sha ruwa da baƙo."

Babana ya ɗago ya dube shi. "Kai baƙo? A hannuna anka yi maka askin suna. Kai ɗan gida na. Baƙo shi ne wanda ban san ubanai ba."

Ya faɗe ta a hankali, ba faɗa, amma na ga ta shiga taubashina har ƙashi. Na raka shi bakin hanya. Ya ce ko ya aiko mana da gangar hilu-mur da ƙanƙara gobe. Na ce in yana son kawunsa ya daina gaisawa da shi har lahira, ya aiko. Ba abinci muka rasa ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya ce in gaya wa Inna ta ƙara hannu a tukunya gobe, kada in gaya wa Kawu. Na tambaye shi me zai yi, ya ce ba ruwana, ɗan shafin albasa.

Abin da ya faru a ƙauyensu daga baya na ji, daga bakinsa da bakin gwaggona, kuma kowannensu ya ce shi ne ya kawo dabarar. Gwaggona dai tun ranar hoton ba ta amsa gaisuwar ɗanta. Da safe ta yafa mayafi ta bi gidajen dattawan garin ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu yayanta yana shan ruwa shi da bango saboda ɗan garinsu, in ba su ɗaga wa mota ɗaya rawani yau ba, siniyarta ba za ta sake fita kwalta ba, kuma za ta zuga sauran mata. Dattawa suka ce ba a taɓa yi ba, mota ta zo bakin rawani da jan rana a ɗaga mata. Ta ce ai ba a taɓa sa wa yayanta hoto a duniya ba ma. Suka yarda da mota ɗaya. Shi kuma taubashina ya hau raksha ya tafi Kamlin, ya shiga wata bas da ta taso daga Hartum, wadda direbanta ya san shi ta shafi, ya zauna kusa da shi yana yi masa daɗin baki.

A gidanmu kuwa matsalar yadda za a fitar da babana ce. Na rasa dabara, na gaya wa Inna. Ta ce in bar mata. Da la'asar ta yi sanyi ta shirya siniya kamar kullum, maimakon ta ajiye gaban buzu sai ta ɗora mini a ka ta ce in kai kwalta. Babana ya ce, "Ina za a kai ta?"

Inna ta ce, "Inda taka zuwa kullum. Malam, na gaji da ganinka a tsakar gidana da magariba, kana tare min hanyar murhu. In kana son shan ruwa ka bi ta."

Ya yi ƙunƙuni, ya ambaci gwiwa, ya ce mata ba su san ciwo ba. Amma ina kaiwa bakin hanya na waiga na gan shi tafe, yana ɗingishin da ban san ko na gaske ne ba. Bai karɓi bakin rawani ba. Ya zauna a gefen tabarma ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Rana ta yi ja. Mazanmu suna fuskantar kudu kamar kullum, ni kaɗai nake satar kallon arewa. Na fara zagin taubashina a zuci, na ce ya sake yi mana wasa. Sai muka ji hon, dogo, daga inda ba mu saba ji ba. Bas ce babba tafe daga arewa, fitilu a kunne, wani mahaukaci a tsaye a ƙofarta yana kaɗa rawani a iska. Da ta matso na gane shi, taubashina ne. Mutanenmu suka tsaya baki buɗe, don tun da aka shimfiɗa kwaltar nan motar Hartum ba ta taɓa tsallake ƙauyen gwaggona da jan rana ba.

Ba ita kaɗai ba ce kuma. Dattawansu sun ɗaga wa mota ɗaya rawani kamar yadda suka yi alkawari, amma wata bas ɗin tana manne da bayanta, da wata babbar mota ɗauke da buhunan siminti da mutane a sama. Direbobin suka ga ta gaba ta wuce, suka ɗauka yau ba a tsayawa a nan, suka bi ta kafin a sauke rawani. Duka suka nufo mu.

Ban ga lokacin da babana ya tashi ba. Na dai gan shi a tsakiyar kwalta, ba ɗingishi, ya ware hannu biyu, ba ma ta rawani yake ba. Bas ta tsaya, ya je ya dafa madubi, ya ce itfaddalu. Direban ya ce, "Ya Hajj, ai mun tsaya, wanga ɗan naka ya sato mu tun daga Kamlin." Babana bai saki madubin ba sai da aka kashe inji.

Daga nan sai hayaniya mai daɗi. Mutane suna ta sauka, 'yan kasuwa, ɗalibai masu komawa Madani, sojoji biyu, wata tsohuwa da akwatin kaji, leburorin kan siminti fari fat da ƙura. Aka kira salla ana cikin zaunar da su. Tabarmi suka cika, aka shimfiɗa rawuna da buhuna. Aka shigar da mata gidajen da ke kusa. Hilu-mur ɗinmu marar ƙanƙara ya ƙare kafin a zagaya, aka koma kunu, kunu ya ƙare, aka koma ruwan randa. Labari ya shiga gari, mata suka riƙa fito da abin da suka ajiye don sahur, wata ta aiko da tukunyar wake da zafinta, wata ta aiko da busasshen burodi da shayi. Ni da taubashina muna ta gudu tsakanin gidaje da kwalta da kwanoni a hannu, muna karo da juna. Ya ce mini ko a wahala mutanen kudu ba su iya sauri ba. Na ce ya rufe mini baki ya ɗauki tulu. Masu shafi biyu a wuri ɗaya, kowa da waya a aljihu, ba wanda ya samu hannun ɗaukar ko hoto ɗaya.

Babana bai zauna ba sai da kowa ya ci. Can na hango shi ya tsuguna kusa da wani dattijo baƙi dogo, daga cikin mutanen kan siminti, wanda ba Hausa ba Larabcin kirki. Kwanon asida ɗaya ya rage, shi ma sai ƙanzo a gindi. Su biyu suna kankarewa da yatsu, wannan ya tura wa wancan, wancan ya turo wa wannan, suna dariya ba mai jin yaren wani. Abin da babana ya ci ke nan ran nan, da dabino ɗaya. Na tsaya da tulu a hannu ina kallonsu, daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Aka yi salla a bakin hanya, sahu har kan kwalta. Motoci suka tashi, ana ta ɗaga hannu ta taga. Muna nannaɗe tabarmi babana ya kira ni. Tun da na buɗe shafin nan bai taɓa tambayata abin da nake rubutawa ba, wasan yara yake ɗaukarsa.

"Abin nan naka," in ji shi, "mutanen motocin ga suna ganinai?"

"Wasu za su gani, Baba."

"To ka rubuta. Ka ce mutanen garinmu suna ba matafiyan yau haƙuri. Abinci bai isa ba, sun fi ƙarfinmu. Ka ce su yafe muna, gobe za mu ƙara."

Ya faɗa yana ƙoƙarin ɗaure fuska irin ta mai jin kunya, amma fuskar ta ƙi ɗauruwa. Taubashina ya ce, "Kawu, in sa a nawa shafin ma? Ya fi nashi mutane."

"Sa," in ji babana. "Ka sa da Larabci kuma, don direbobi su gani." Ya saɓa tabarmarsa a kafaɗa, ya ce in tashe shi da wuri gobe in ya yi barcin rana, akwai shara da yawa a bakin hanya.